Cusa fayil a cikin kod: yadda ake yi, da abin da ya sa yaren C ya yi shekara 50 kafin ya sauƙaƙa shi

Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja ya tura wa wani ya san wannan ciwon kan. A kwamfutarka komai lafiya lau, tambari ya fito, rubutu ya zauna daidai, amma da mutumin ya buɗe a tasa sai ta ce ba ta ga logo.png ba, ta rufe kanta. Dalili shi ne furogiram ɗin bai taɓa riƙe hoton ba, adireshin hoton kawai ya sani, kuma adireshin nan yana aiki ne idan an tada furogiram ɗin daga foldar da kai ka saba tada shi. Mutum ya kwafi fayil ɗin exe shi kaɗai ya tura ta WhatsApp ya bar foldar hotuna a baya, shikenan an gama.

Mafita biyu ce. Ko dai ka haɗa insitola da za ta ajiye kowane fayil a mazauninsa, ko kuma ka ɗauki abin da ke cikin fayil ɗin ka dunƙule shi a cikin furogiram ɗin kansa tun lokacin da ake gina shi, ya zama matafiyi ne da guzurinsa a jaka, ba ya tsayawa tambayar kowa a hanya. Ta biyun nan ita za mu warware, don a baki kamar wasan yara ce, amma da ka shiga ciki za ka tarar akwai tarkuna kala-kala.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kai: a wajen kwamfuta babu hoto, babu waƙa, babu rubutu, jerin bayit ne kawai, kowane bayit kuma lamba ce daga 0 zuwa 255. To tunda lambobi ne, kuma kowane yaren kod ya iya ajiye jerin lambobi, ai magana ta ƙare, sai a rubuta lambobin a cikin kod. Tsohuwar dabarar kenan, kuma kayan aikin da aka fi sani da ita shi ne xxd, wanda Juergen Weigert ya rubuta a 1990, yake kuma zuwa tare da editan rubutu na Vim. Bari mu gani da ido. Ka buɗe fayil ka sa masa suna kalma.txt, ka rubuta kalmar ƙasa a ciki ka danna enta ka ajiye, sannan ka buga xxd -i kalma.txt. Ga abin da zai ba ka, inda kowane 0x kaza bayit ɗaya ne da aka rubuta da ƙidayar tushe 16:

unsigned char kalma_txt[] = {
  0xc6, 0x99, 0x61, 0x73, 0x61, 0x0a
};
unsigned int kalma_txt_len = 6;

Ka juye wannan a kalma.h, ka jawo shi da #include, daga nan ko ka goge kalma.txt furogiram ɗinka bai damu ba. Amma tsaya ka ƙara duban lambobin nan. Haruffa huɗu ka rubuta, ya ce shida. Na ƙarshen, 0x0a, shi ne entan da ka danna. Na farko biyun kuwa, 0xc6 da 0x99, su biyun ne suka haɗu suka ba da ƙ, saboda a tsarin UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu yake ci. Wanda ya ɗauki wannan tsawon a matsayin adadin haruffa, ko ya yanka rubutun a tsakiya don ya shiga layin allo, zai iya raba ƙ gida biyu, sai ya ga wani baƙon akwati ya fito a madadinta.

Akwai wasu tarkuna biyu a cikin waɗannan 'yan layukan. Na ɗaya, babu sifili a ƙarshen jerin, alhali a yaren C sifilin nan ne ke gaya wa printf da strlen cewa rubutu ya ƙare. Ka miƙa musu kalma_txt haka nan, za su wuce ƙarshen su ci gaba da karanta duk abin da ke maƙwabtaka a memori har sai sun ci karo da sifili. Wani lokacin ma ya yi aiki daidai bisa sa'a, wanda ya fi muni, don sai a kwamfutar kwastoma abin zai tashi. Na biyu, xxd ba ya sa const. A kwamfutar tebur ba lallai ka ji a jikinka ba, amma a ƙaramar na'ura rashin const na nufin a kwashe bayanan duka a zuba su a RAM.

Nan ne masu Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake sa wa kod, suka fi kowa sanin zafin abin, kuma su dole ce ta sa su, tunda Arduino Uno ba shi da faifai balle folda. Guntun ATmega328P da ke kansa yana da filash, wato ma'ajiyar kod, 32 KB da RAM 2 KB kacal. Ɗauki ƙaramin allon OLED mai 128 sau 64 da ake yawan haɗawa da shi: ɗigo 8,192 ne, kowane ɗigo bit ɗaya, wato hoton da ya cika allon bayit 1,024 yake ci. Laburaren Adafruit na wannan allon tun farko yana ware bayit 1,024 a RAM don zana abin da zai nuna. Kai kuma ka kawo tambarinka na bayit 1,024 a matsayin jeri na yau da kullum, to lissafa, 2 KB ta ƙare ƙaf ba ka fara aikin komai ba. Kuma a wannan guntun const ita kaɗai ba ta cetonka, saboda filash da RAM hanyoyinsu daban ne, kwamfaila, wato manhajar da ke mai da kod furogiram, za ta sa a kwafo jerin zuwa RAM da zarar an kunna wuta. Sai ka ƙara kalmar PROGMEM don jerin ya zauna a filash, sannan ka riƙa ɗauko bayanan da pgm_read_byte, ko ka bar drawBitmap ta yi maka. Haka ma zancen haruffa, font ɗin da laburaren ke zuwa da shi ba shi da ƙ ko ɗ, duk mai son allonsa ya rubuta Hausa daidai sai ya zana su da kansa ko ya ciro su daga wani font, ya cusa su ta wannan hanyar dai.

Dabarar ta tsufa har akwai nau'in hoto da shi kansa kod ɗin C ne. XBM da XPM na tsarin X a Unix, idan ka buɗe su da editan rubutu jerin C za ka gani, ana iya jawo su da #include kai tsaye, kuma har yau GIMP na iya fitar maka da hoto a matsayin fayil ɗin C.

To ina matsalar take? Girma. Dubi yadda aka rubuta bayit ɗaya: sifili, x, alamomi biyu, waƙafi, sarari. Haruffa shida kenan don bayit guda, fayil mai 1 MB ya koma rubutun kusan 6 MB. Wannan ma ba shi ne abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne kwamfaila ba ta san cewa tarin bayanai ne kawai ba, ita a ganinta kowace lamba magana ce da ya kamata a saurara, sai ta karanta 0xc6 ta gane lamba ce, ta buɗe mata gurbi a memori, ta rubuta layin da ta fito ko da za a yi kuskure a buƙaci nunawa, ta duba ko za ta shiga unsigned char, sannan ta wuce ta gaba, haka sau miliyan. Ƙarshen wahalar nan duka kuma me za ta fitar? Ainihin bayit ɗin da ke cikin fayil ɗin tun farko. An mai da su rubutu ne don a sake mai da su bayit. Da ƙaramin tambari ba ka lura, amma ka gwada da fayil mai megabayit da dama ka ga yadda fankar laftof za ta fara kuka, RAM ta cika, wani sa'in kwamfailar ta faɗi gaba ɗaya.

Sai mutane suka fara neman ta gefe. Wasu suka ce a rubuta shi a matsayin dogon rubutu cikin alamar zance, "\xc6\x99\x61" har ƙarshe, don kwamfaila tana haɗiye wannan a loma ɗaya, kuma gaskiya ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ƙa'idar C ta 1989 haruffa 509 kawai ta wajabta wa kwamfaila ta karɓa a irin wannan rubutun, ta 1999 ta ɗaga zuwa 4,095, kwamfailar Microsoft kuma ta daɗe tana ƙin guntu ɗaya da ya wuce 16,380. Wasu suka ce a tsallake kwamfaila kwata-kwata a je wajen linka, wato mai haɗa guntayen furogiram wuri ɗaya: ka buga ld -r -b binary a kan logo.png, ta ba ka fayil ɗin da za ka haɗa da sauran, da sunaye irin _binary_logo_png_start da _binary_logo_png_end da za ka kira daga C. Masu asembla kuma suna da .incbin, layi ɗaya ya kwaso fayil sukutum. Kanel ɗin Linux da shi yake cusa saitin da aka gina shi da shi a cikin kansa, abin da kake gani a /proc/config.gz kenan idan an kunna zaɓin. Duka suna da sauri, amma kowanne ɗaure yake da kayan aikin wani gida. Abin da ya yi a Linux ba zai yi a Visual Studio ba, can fayil ɗin .rc suke da shi, masu Qt kuma suna da .qrc nasu, masu ESP32 suna da EMBED_FILES. Idan manhajarka za ta hau tsari uku, sai ka tsinci kanka da hanya uku na yin abu ɗaya.

Sababbin yaruka sun kalli wannan rikicin suka ce a'a. Yaren D yana da import("fayil"), Zig yana da @embedFile, Rust yana da include_bytes! da include_str!, kuma include_str! ɗin ba zai ma yarda a gina ba idan fayil ɗin ba ingantaccen UTF-8 ba ne, wanda ni a ganina gata ne, gara kuskure ya fito gabanka da ya fito gaban mai amfani. Go ya ɗan makara, shekaru mutane suna fama da kayan waje irin go-bindata da packr da statik, sai a Fabrairun 2021 sigar 1.16 ta zo da wannan:

//go:embed shafuka
var shafuka embed.FS

Layi biyu, folda guda ta shige cikin furogiram, kuma kod ɗinka zai riƙa buɗe fayilolin da sunayensu kamar suna kan faifai. Shi ya sa za ka ga manhaja irin PocketBase fayil ɗaya tak kake saukewa, amma da ka tada shi ga shafin gudanarwa cikakke a burauza. Sai dai a kula, idan ka sa sarari tsakanin // da go:embed ya zama sharhi kawai, ba abin da zai shiga. Ba ya kuma yarda ka haura foldar sama da .., kuma idan folda ka ba shi yana tsallake fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ko _ sai ka sa all: a gaba.

Shi kuwa C, da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a 1972, sai a Yulin 2022 kwamitinsa ya amince da #embed. Wanda ya ɗauki ɗawainiyar abin shi ne JeanHeyd Meneide, tun 2018 yake kai takarda ana dawo masa da ita, ya fara ta ɓangaren C++ da sunan std::embed kafin ya sauya salo ya kawo ta a matsayin umarni irin na #include. Ga yadda take:

const unsigned char tambari[] = {
#embed "logo.png"
};

Hikimar da ke ciki ita ce, a ƙa'ida ana ɗauka kamar an zuba jerin lambobi masu waƙafi ne a wurin, tamkar abin da xxd ke bayarwa, saboda haka duk inda jerin lambobi ke shiga ita ma za ta shiga. Amma ba a tilasta wa kwamfaila ta rubuta lambobin da gaske ba, tana da damar ta gane cewa jerin bayit ake cikawa ta kwafe fayil ɗin kai tsaye. An kuma yi mata 'yan ƙarin da ke toshe tsofaffin ramuka: suffix(,0) na sa sifilin nan na ƙarshe da muka yi magana, limit na taƙaita adadin da za a ɗauka, if_empty na faɗin abin da za a sa idan fayil ɗin fanko ne. Ƙa'idar C23 ta fito a hukumance a 2024, kwamfailar Clang 19 ta kawo #embed a shekarar, ta GCC 15 ta biyo baya a 2025, kuma a Fabrairun 2025 kwamitin C++ ma ya karɓe ta don C++26. Me ya jawo jinkirin? Wani ɓangare taka-tsantsan ne na gaske, don C yana hawa har kan na'urorin da bayit ɗinsu ba bit 8 ba ne, dole a fayyace abin da zai faru a can. Wani ɓangaren kuma, a nawa ganin, raini ne kawai, tunanin cewa ai kowa na da dabararsa, me za a wahalar da ƙa'ida.

Yanzu da yin abin ya zama layi ɗaya, tambayar da ta rage ita ce me ya cancanci a cusa, kuma nan ne na fi ganin ana kwafsawa. Ma'aunin da nake bi shi ne: abin da ke canzawa tare da kod a cusa shi, abin da ke canzawa da kansa a bar shi waje. Tambari, font, shafin HTML na manhajar, umarnin SQL na gina teburori, rubutun lasisi, duk waɗannan tare suke tafiya da sigar manhaja, rabuwarsu ma ita ce haɗari, don sabon kod da tsohon shafi ba sa jituwa. Amma ɗauki satifiket na tsaron intanet. A ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin DST Root CA X3 ya ƙare, tushen da Let's Encrypt, mai ba shafukan intanet satifiket, ya dogara da shi a farkon tafiyarsa, kuma na'urorin da aka ƙulle wannan satifiket ɗin a cikin kod ɗinsu ba tare da hanyar sabuntawa ba suka daina yarda da sabar da suka saba magana da ita. Kod ɗin bai canza ba, duniya ce ta matsa. Haka bayanan agogon ƙasashe, Go na ba ka damar cusa su da time/tzdata a kan kusan 450 KB, yana da amfani a na'urar da ba ta da nata, amma ranar da wata gwamnati ta sauya lokacinta sai ka sake ginawa ka sake rabawa.

Sai maganar sirri, wadda ba ta da sassauci: cusawa ba ɓoyewa ba ce. Mabuɗin API ko kalmar sirrin rumbun bayanai da ka dunƙule a cikin exe ko apk, duk wanda ya sami fayil ɗin ya same su, umarnin strings kaɗai ya isa ya zazzago duk rubutun da ke ciki a daƙiƙa ɗaya. Mai da shi base64 ko jerin 0x ba ya ƙara komai, sauya kaya ne kawai.

Akwai kuma ta ɗaya fuskar, wato abin da wasu za su iya ɓoye maka. Idan abokin aiki ya turo gyara mai layi dubu biyar na 0x kaza 0x kaza, wallahi ba wanda zai karanta, za a danna amincewa ne a wuce. Abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil, a Maris 2024 ya isa darasi, duk da can ba jerin C aka yi amfani da shi ba: an ɓoye mugun kod a cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, rubutun gini ya zaro shi ya liƙa a laburaren a sigar 5.6.0 da 5.6.1, sai da Andres Freund ya lura shiga ta SSH na ɗan jinkiri ya bi diddigi aka gano. Shi ya sa na fi son ainihin fayil ɗin ya zauna a Git da kamanninsa, hoto a matsayin hoto, font a matsayin font da aka san inda aka samo shi, a bar na'ura ta yi juyin lokacin gini. Fayil ɗin .h da aka samar sau ɗaya aka ajiye yana da wata cutar ma, mai zane zai sauya logo.png, kowa ya manta a sake buga xxd, a yi ta mamakin me ya sa tsohon tambari ke fitowa.

Masu gina shafukan intanet su ma suna da nasu salon, wato adireshin data: da aka tsara tun 1998, inda ake sa hoto a cikin HTML ko CSS da base64. Kowane bayit uku na komawa haruffa huɗu, ƙarin kashi ɗaya cikin uku kenan, kuma burauza ba ta iya ajiye hoton shi kaɗai, duk sanda fayil ɗin da ke ɗauke da shi ya canza sai an sake sauke shi, mai sayen data da kuɗinsa shi ke biya. Vite ma abin da bai kai 4 KB ba kawai yake cusawa da kansa, manya yana barinsu waje, kuma iyakar nan ta yi min daidai.

Wani zai ce to idan na cusa 50 MB ba zai cinye RAM ba? A Linux ko Windows ba lallai ba, tsarin yana ɗauko shafukan fayil ɗin ne sanda aka taɓa su, wanda ba a taɓa ba yana kwance a faifai. Inda za ka ji shi shi ne wajen rabawa, gyaran harafi ɗaya a kod na nufin mutane su sake sauke 50 MB ɗin. Sannan idan za ka karanta bayanan a matsayin lambobi masu bayit huɗu-huɗu, kada ka ɗauka jerin unsigned char ya fara a adireshin da ya dace, wasu guntayen ARM irin Cortex-M0 faɗuwa suke idan bai daidaita ba, sai ka sa alignas ko ka kwafa da memcpy.

Idan kwamfailarka tsohuwa ce, kamar yadda na yawancin ƙananan na'urori suke, ba sai ka jira ba. Ka sa xxd -i a cikin Makefile, wato fayil ɗin dokokin gini, a matsayin doka da ta dogara da logo.png, ta yadda duk sanda hoton ya canza za a sake samar da .h ɗin, ka sa .h ɗin a .gitignore. Idan ka tura wa xxd fayil ɗin ta < maimakon ka ba shi suna, lambobin zalla zai fitar ba tare da sunan jeri ba, sai ka rubuta naka layin da const da PROGMEM da duk abin da kake so ka jawo lambobin a tsakiya da #include. A kod ɗin kuma ka duba da #ifdef __has_embed, in akwai ka bi #embed, in babu ka koma kan .h ɗin.